Wa Ya Ba Shi Izinin Yanka Bututun? Lasisin Masu Girka Na'urar Gyaran Ruwa a Amurka

Da misalin ƙarfe 2 na dare, lokacin da mutanen gida suka yi nisa a barci, na'urar cire zartsin ruwa da ke girke a gareji ko ɗakin ƙasa na gidaje da yawa a Amurka takan tashi aiki. Yawanci haka ake saita ta tun daga masana'anta, saboda a wannan sa'ar ba mai buɗe famfo. Sai ta zuƙi ruwan gishiri daga tankin da ke gefenta, ta wanke cikinta da shi, ta amayar da ruwan wankin ta wani siririn tiyo zuwa magudanar gidan. Dokokin lasisin da jihohi suka gindaya wa masu girka wannan na'ura, in ka bi diddiginsu, suna da alaƙa da bakin wannan tiyon.

Zartsin da ake magana a nan shi ne na ruwan da sabulu ba ya kumfa a cikinsa, wanda ke barin farin ɓawo a gindin tukunya da cikin hita. Sinadarai 2 ne ke haddasa shi, kalsiyam da magniziyam, kuma ruwa yana kwaso su ne idan ya ratsa duwatsun farar ƙasa a ƙarƙashin ƙasa. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka tana ɗaukar ruwan da bai wuce miligiram 60 a lita ba a matsayin mai laushi, wanda ya haura 180 kuma zartsinsa ya kai maƙura. Masu sana'ar suna da nasu ma'aunin da suke kira giren, kowane giren 1 a galan daidai yake da miligiram 17.1 a lita. A birnin San Antoniyo na jihar Teksas, inda ruwan ke fitowa daga cikin farar ƙasa, ana samun giren 15 zuwa 20, wato ya zarce layin maƙurar nesa ba kusa ba. Wannan zartsin ba ya cutar da lafiya. Aljihu yake cuta: yana toshe bututu, yana kashe hita tun kwananta bai ƙare ba, yana cinye sabulu.

Cikin na'urar cike yake da wasu ƙwayoyin roba da ba su kai ƙwayar gero ba. Kowace ƙwaya tana riƙe da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri. Idan ruwa ya ratsa su, sai su cafke kalsiyam da magniziyam, su sakar masa sodiyam a madadi. Bayan 'yan kwanaki sukan ƙoshi, shi ne ake wanke su da ruwan gishiri mai ƙarfi don su saki abin da suka kama, su koma bakin aiki.

To ga inda haɗarin yake. Na'urar tana da baki biyu, ɗaya a jikin bututun ruwan sha, ɗaya a wajen magudanar ƙazanta. Idan mai girkawa ya yi son jiki ya cusa tiyon kai tsaye cikin bututun ƙazantar, ya riga ya gina gada tsakanin masai da randar gida. Kullum ba abin da zai faru, don ƙarfin ruwan famfo waje yake turawa. Amma ranar da babban bututun unguwa ya fashe, ko 'yan kwana-kwana suka buɗe famfon titi suna kashe gobara, ƙarfin yakan faɗi, bututu ya koma zuƙa maimakon turawa. A lokacin, abin da ke cikin magudana yana iya biyo tiyon ya hau, kuma ba lalle ya tsaya a gida ɗaya ba. Maganin abin ba shi da tsada ko kaɗan: a bar tazarar iska tsakanin bakin tiyon da bakin magudana, aƙalla ninki biyu na faɗin tiyon, kuma kada ta gaza inci 1, wasu wuraren ma inci 1 da rabi suke nema. Ruwan wankin ya faɗo ta iska kafin ya shiga rami, shi ke nan.

Amurkawa ba a littafi suka koyi wannan darasin ba. A 1933, lokacin babban baje kolin duniya a Cikago, gurɓataccen haɗin bututu a wasu otal-otal 2 ya sa ruwan ƙazanta ya shiga na sha. Atini ya kama mutum sama da 1,000, kusan 100 suka mutu, kuma baƙin baje kolin suka kwashi cutar zuwa garuruwansu. Har yau ana kawo wannan labarin a matsayin misali a darasin komawar ruwa baya.

Akwai wasu ƙananan kurakuran da ido ba ya gani. A tsofaffin gidaje, wayar tsaron lantarki a jikin bututun ƙarfe take ɗaure. Wanda ya yanke bututun ya sa mahaɗin roba, bai kuma haɗa ɓangarorin biyu da waya ba, ya tsinke wannan tsaron bai sani ba. Haka nan famfon ban ruwan lambu ya kamata a kewaye shi, don ruwa mai sodiyam ba ya yi wa shuka daɗi, kuma asarar gishiri ce.

Wanda bai san tsarin Amurka ba zai zaci gwamnatin tarayya ce ke ba da wannan lasisin. Babu wani lasisin tarayya na wannan sana'a. Dokar tsabtar ruwan sha ta 1974, wadda hukumar kare muhalli ta EPA ke aiwatarwa, tana kan masu raba ruwa ga jama'a ne, wato duk tsarin da ke shayar da mutum 25 ko yake da mahaɗa 15 zuwa sama. Da ruwa ya wuce mita ya shiga gida, maganar ta koma hannun jiha da ƙaramar hukuma. Rijiyar burtsatsen da mutum ya haƙa wa gidansa kuwa, dokar ba ta san da ita ba sam, alhali mutum sama da miliyan 40 a ƙasar irin wannan ruwan suke sha. Waɗannan su ne manyan kwastomomin masu gyaran ruwa, kuma su ne ba su da wata hukuma da ke auna musu abin da suke sha. Duk abin da mai na'ura ya faɗa musu, shi ne.

Saboda haka kowace jiha da tata hanyar. Wasu sun ce aikin famfo ne, sai mai cikakken lasisin falamba zai taɓa. Wasu sun ware wa sana'ar lasisinta na daban. Wasu kuma sun bar wa birane da ƙananan hukumomi su yi yadda suka ga dama, ta yadda abin da ya halatta a wannan garin laifi ne a garin da ke maƙwabtaka da shi.

Kalifoniya tana tsaurarawa ta fuskar kuɗi. Hukumar lasisin 'yan kwangila ta jihar, CSLB, wadda ta samo asali tun 1929, tana da aji na musamman mai lamba C-55 don masu gyaran ruwa, daban da C-36 na masu aikin famfo. Iyakar mai C-55 a bayyane take: ya girka na'urar, ya yi amfani da bututu da mahaɗan da ake buƙata don haɗa ta da ruwan gidan, ya kewaye wuraren da ba a so ruwan da aka gyara ya je. Bai da hurumin sake wa gida bututu ko girka bandaki. Kafin a ba shi, sai ya nuna shekara 4 na aiki a matakin ƙwararre cikin shekaru 10 da suka wuce, ya ci jarrabawa 2, ta sana'ar da ta doka da kasuwanci, a ɗauki hoton yatsunsa, sannan ya kawo takardar lamuni ta dala 25,000. Kafin Janairun 2023 dala 15,000 ce.

Mutane da yawa suna yi wa takardar lamunin nan gurguwar fahimta. Ba wai ɗan kwangilar ya ajiye dala 25,000 a hannun hukuma ba ne. Wani kamfani ne ke tsaya masa, shi kuma yana biyan kamfanin ɗan wani kaso duk shekara. Idan ya ɓata aiki ya gudu, kamfanin ya biya wanda aka cuta, sannan ya bi shi bashi. Kuma kuɗin ba na kowane kwastoma ɗaya ba ne. Jimla ce guda, in masu ƙorafi sun yi yawa, ita za a yi ta gutsura har ta ƙare.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tsarin Kalifoniya shi ne yadda ta mayar da mai gida ɗan sanda. Sashe na 7031 na dokar kasuwanci da sana'o'in jihar ya ce ɗan kwangilar da ba shi da lasisi ba zai iya kai ƙarar wanda ya hana shi kuɗin aikinsa ba. Bai tsaya nan ba: mai gidan yana iya zuwa kotu ya karɓe duk abin da ya riga ya biya, ko da aikin ya yi kyau babu makusa. A ce mutum ya girka na'ura a kan dala 6,000, ruwa ya yi laushi, kowa ya ji daɗi, daga baya aka gano ba shi da lasisi. Yana iya mayar da dala 6,000 ɗin cas, na'urar kuma tana nan a garejin mai gida. Hukuncin yana da zafi, kuma da gangan aka yi shi haka. Ƙananan ayyuka kaɗai aka ɗauke wa lasisi, waɗanda kuɗin kaya da na aiki bai kai dala 500 ba a da, aka ɗaga zuwa 1,000 daga Janairun 2025, da sharaɗin aikin ba ya buƙatar takardar izinin gini. Kafin alƙalami ma an yi masa iyaka: kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta.

Teksas ta kalli abin ta wata kusurwa. A can ba hukumar 'yan kwangila ce ke ba da lasisin ba, hukumar kula da muhalli ce ta jihar, TCEQ, wadda ke sa ido kan ruwan shan jama'a. Wannan kaɗai ya nuna abin da ya fi damunsu: ruwan, kafin ginin. Lasisin na mutum ne, hawa 3 ne, kuma ana sabunta shi duk shekara 3 bayan an yi ƙarin kwas. Mai aji na 1 shi ne ɗan koyo, aikinsa musanya tankuna da wanke su da abin da na sama da shi ya tsaya a kansa. Mai aji na 3 shi ne ya kai ƙarshe, kuma hawa daga wannan aji zuwa wancan sai da shekarun aiki da kwasa-kwasai da jarrabawa. Mai lasisin falamba an ɗauke masa wannan duka.

Teksas ɗin ce kuma ta kusa gwada rayuwa babu lasisin famfo gaba ɗaya. A 2019 majalisar jihar ta tashi ba ta sabunta wa'adin hukumar masu aikin famfo ba, wanda ke nufin hukumar za ta rushe da kanta. Falambobi suka yi cincirindo a Ostin, babban birnin jihar, Gwamna Greg Abbott ya fitar da umarni a watan Yuni ya tsawaita mata rai, yana kafa hujja da gyare-gyaren da suka rage bayan guguwar Harvey. Da sanyin Fabrairun 2021 ya farfasa bututun gidaje a faɗin jihar, sai ga gwamnatin tana sassauta ƙa'ida don falambobin wasu jihohi su shigo su taimaka. Masu son lasisi da masu ƙinsa kowa ya ɗauki wannan a matsayin hujjarsa.

Minesota, jihar tafkuna, ita ma tana da lasisi na daban a ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago da masana'antu. Akwai na ma'aikaci, akwai na ubangidan sana'a, akwai na kamfani, kuma kamfani ba ya samun nasa sai ya gabatar da wani mai lasisin ubangida da zai ɗauki alhakin duk aikin da aka yi da sunansa. Watanni ake nema na gogewa, ba shekaru ba, lamunin kuma dala 3,000 ne, na kamfanin famfo kuwa 25,000. Maƙwabciyarta Wiskonsin ta bi ta tsakiya: lasisin falamba ne, amma taƙaitacce, na haɗa na'urori kawai.

Duk wannan lasisin mutum ne. Aikin kansa yana da tasa takardar. A garuruwa da yawa sai an karɓi izini daga ƙaramar hukuma kafin a yanki bututu, bayan an gama kuma sufeto ya zo ya duba, kuma abin da idonsa ke fara nema shi ne waccan tazarar iskar. Mai gidan da yake zaune a gidansa, jihohi da yawa sun yarda ya yi aikin da hannunsa, amma izinin da dubawar ba su faɗi a kansa ba. Ɗan kwangilar da ya ce wa mai gida, “Kai ka je ka karɓo izinin da sunanka, ya fi sauri,” sau da yawa alama ce ta ba shi da lasisin da zai karɓa da nasa sunan. Kuma wanda sunansa ke kan takardar, shi ke da alhaki.

Me ya sa ba a bar wa falambobi aikin kawai a huta ba? Wannan tsohuwar taƙaddama ce, kuma akwai tuwo a cikinta. Ƙungiyoyin masu aikin famfo suna cewa duk abin da ya taɓa bututun ruwan sha nasu ne, sun yi shekara 4 ko 5 suna koyo, ba za a bar wanda ya yi wata 6 ya yi gogayya da su ba. Dillalan na'urori kuma suna cewa mene ne amfanin tilasta wa mutum ya koyi jan bututun gas da shimfiɗa magudanar bene mai hawa 10, alhali mahaɗa 3 zai yi? Rahoton da Fadar Shugaban Amurka ta fitar a 2015 ya nuna cewa a shekarun 1950 ƙasa da kashi 5 cikin 100 na ma'aikata ne ke buƙatar lasisin jiha, amma adadin ya kai kusan kashi 25, kuma rahoton ya yi gargaɗin cewa lasisin da ya wuce kima yana tsadar da aiki, yana toshe wa talaka ƙofar sana'a.

A ganina dillalan sun fi gaskiya a nan, amma dalilin da suka fi ambata ba shi ne mafi ƙarfi ba. Dalilin shi ne rabin wannan sana'a ilimin sinadarai ne, kuma koyon aikin famfo ba ya ba da shi. Falamba zai haɗa bututu ba ɗigo ko ɗaya, amma ba lalle ya san cewa ƙarfen da ke cikin ruwan rijiya yana liƙe wa ƙwayoyin robar ya kashe su ba, ko cewa na'urar cire zartsi ba ta kashe ƙwayar cuta, ba ta cire asinik, ba ta cire naitiret. Asinik guba ne da ke fitowa daga wasu duwatsu, iyakarsa a ruwan shan jama'a maikrogiram 10 a lita. Naitiret daga takin zamani da kashin dabbobi yake zuwa, iyakarsa miligiram 10 a lita, kuma idan ya yi yawa a ruwan da ake dama wa jariri madara, yana hana jininsa ɗaukar iska har jikinsa ya yi shuɗi. Iyalin da ke gona, da rijiyarsu, da jariri a goye, in aka sayar musu da na'urar cire zartsi aka ce ruwansu ya gyaru, an yi musu illar da ta fi ta yoyon bututu. Abin da suke buƙata daban ne, misali na'urar RO, irin wadda masu gidajen fiya wata a Kano da Kaduna suka sani, mai matsa ruwa ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi. Ita ma tana da nata sharaɗin: ruwan da ta tace yana cin bututun tagulla, don haka da na roba ake jan sa.

Ga kuma lissafin sodiyam. Kowane giren 1 da aka cire yana barin kamar miligiram 8 na sodiyam a lita. A ruwa irin na San Antoniyo, hakan ya kai miligiram 120 zuwa 160. Ga mai lafiya ba wani abu ba ne, amma wanda likita ya hana shi gishiri saboda hawan jini ko ciwon ƙoda ya kamata a faɗa masa, shi ya sa masu girkawa da suka san aiki sukan bar famfon sanyi na kicin a kan ruwan da ba a gyara ba. Lasisi irin na Teksas da Minesota, ƙarami amma mai tambayar waɗannan abubuwa a jarrabawa, ya fi dacewa da haɗarin da ke cikin aikin fiye da tilasta cikakken lasisin famfo, kuma ya fi a bar fage a buɗe.

Sai dai akwai wurin da kusan duk waɗannan lasisin ba sa kaiwa, kuma nan ne aka fi cutar mutane. Wanda ke ƙwanƙwasa ƙofa ba shi ne mai girkawa ba. Ɗan talla ne, da jaka a hannu, ya ce zai auna ruwan gidan kyauta. Sai ya ɗebo ruwa a kofi, ya tsoma wata 'yar na'ura mai sanduna 2 na ƙarfe, ya jona wuta. Cikin minti 1 ko 2 ruwan ya rikiɗe ya yi ja-ja, wani dauɗa mai kumfa ya taso sama. Uwargida ta dafe ƙirji: wannan muke sha? Alhali dauɗar ba daga ruwan ta fito ba, sandar ƙarfen ce ke narkewa saboda lantarki. Duk ruwan da ke da ma'adinai, har ruwan gora mai tsada, haka zai yi. Sai ya gwada da ruwan da aka tace da RO, wanda ba ya ɗaukar lantarki sosai, ya fito garau. Kafin mai gida ya dawo hayyacinsa, ya sa hannu a waya ko kwamfutar hannu.

A watan Mayun 2024 hukumar kare masu sayayya ta tarayya, FTC, ta cimma yarjejeniya da kamfanin Aqua Finance, mai ba da bashin sayen irin waɗannan na'urori ta hannun dillalan gida-gida. Hukumar ta zargi kamfanin da kawar da kai yayin da dillalansa ke yaudarar mutane kan sharuɗɗan bashin, cikinsu har da tsofaffi da masu jin Sifaniyanci. An daidaita a kan dala miliyan 43.6: miliyan 20 a mayar wa mutane, miliyan 23.6 kuma bashin da aka yafe. A wannan shari'ar ba a yi maganar bututu ba. Mai yiwuwa ne a haɗa na'ura daidai da ƙa'ida, sufeto ya sa hannu, mai gida kuma ya kwana da bashin shekaru a kan abin da bai buƙata ba. Kalifoniya ta ɗan taɓa wannan gefen, domin tana tilasta wa 'yan tallan gyaran gida su yi rajista da CSLB. Dokar tarayya kuma ta ba wanda aka sayar wa kaya a ƙofar gidansa kwana 3 na aiki ya fasa, Kalifoniya ta mayar da shi kwana 5 ga mai shekara 65 zuwa sama.

Ɗan tallan yakan fito da takardu masu tambari iri-iri, kuma a nan ake rikita mutane. Ƙungiyar masu sana'ar, WQA, wadda aka kafa a 1974 kuma take da ofis a jihar Ilinoi, tana ba da shaidar ƙwarewa bayan kwas da jarrabawa. Shaidar tana da daraja, amma ta ganin dama ce, ba ta maye gurbin lasisin jiha. Tambarin NSF kuwa, ƙungiya mai zaman kanta da ke gwada ingancin kayayyaki, na na'ura ne, ba na mutum ba, kuma lambar da ke jikinsa ita ce magana: 44 na cire zartsi, 58 na RO, 53 na cire abubuwan da ke cutar da lafiya irin su dalma, 42 na ɗanɗano da wari kawai, 55 na kashe ƙwayar cuta da haske. Na'ura mai lamba 42 ba ta yi alƙawarin komai kan dalma ba. Wanda ya ce EPA ta amince da na'urarsa kuwa, ƙarya yake yi, don hukumar ba ta tantance na'urorin gida. Lambar EPA da ake gani a jikin wasu rajista ce kawai, ba shaidar inganci ba. Kalifoniya a nata ɓangaren tana buƙatar duk na'urar da ke iƙirarin kare lafiya ta shiga rajistar hukumar ruwan jihar kafin a sayar da ita.

Lasisin kuma ba ya tsallaka iyakar jiha da kansa. Mai aji na 3 a Teksas in ya koma Minesota sabon shiga ne a idon doka. Arizona ta karya wannan al'ada a 2019 da dokar da ta amince da lasisin sana'a na wasu jihohi ga wanda ya koma can da zama, wasu jihohin suka bi sahunta.

Saura gishirin. Buhun da ake sayarwa fam 40 ne, kamar kilo 18, kuma gida mai iyali a yankin zartsi yana iya cinye buhu guda a wata. Duk wannan gishirin magudana yake bi, kuma matatun ruwan ƙazanta ba a gina su don cire kuloraid ɗin da ke cikinsa ba, haka yake wucewa zuwa kogi. Hukumar yaƙi da gurɓata muhalli ta Minesota tana yawan tunatar da cewa ƙaramin cokali 1 na gishiri ya isa ya ɓata galan 5 na ruwa, kuma ba ya fita. Iyakar da ta sa don kare kifi da sauran halittun ruwa miligiram 230 ce a lita, kuma garuruwa da dama a jihar suna fama da ita. Miniyafolis, birni mafi girma a jihar, ba ta cikin tsaka mai wuya sosai, don a matatar birni take rage zartsin kafin ruwan ya isa gidaje. Kalifoniya tun 2002 ta ce na'urar gida sai ta iya cire giren 4,000 da kowane fam 1 na gishiri. A nan ma hannun mai girkawa yana da tasiri: na'urar da aka saita a kan zartsin da ya fi na gaskiya, ko wadda ke wanki da agogo ko an yi amfani da ruwa ko ba a yi ba, tana zubar da gishiri a banza shekara da shekaru.

A kwarin Santa Clarita, arewa da Los Anjalas, abin ya wuce maganar saiti. Ruwan ƙazantar yankin bayan an tace shi kogin Santa Clara yake faɗawa, kuma a ƙasan kogin akwai manoman afokado da sitiroberi na yankin Ventura, amfanin gonar da ba ya jure gishiri. Aka sa wa kogin iyakar miligiram 100 a lita. Hukumar magudanar yankin ta hana girka sababbin na'urori masu wanke kansu da gishiri a 2003, sannan a Nuwamban 2008 mazauna suka kaɗa ƙuri'a suka amince a cire har waɗanda ke gidaje. A 2009 Gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa hannu a dokar da ta sauƙaƙa wa wasu yankunan jihar yin irin wannan hani. Don haka mai C-55, da shekarunsa 4 da jarrabawarsa da lamuninsa, in ya girka irin wannan na'ura a Santa Clarita ya karya doka. Cikin abin da aka bar masa a can akwai tankin musanya: mota ta kawo tanki mai sababbin ƙwayoyi, ta ɗauke wanda ya ƙoshi, a kai shi masana'antar da ke da izinin zubar da ruwan gishiri a wanke. Da irin wannan hidimar Emmett Culligan ya fara kamfaninsa na gyaran ruwa a Ilinoi a 1936.